Ranar da Uwar Garken Auta Ta Kwanta

Auta Indabawa mai gyaran waya ne a Hedbirij, nan Anacha, amma ba ya amsa kira sai an sa Injiniya a gaban sunan. Shagonsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, labule ya raba shi: gaba wurin karɓar mutane, baya kuma abin da yake kira ɗakin bincike, inda ba a shiga. Karatun kwamfutarsa na wata uku ne, a cikin ukun ma ya yi zazzaɓin mako biyar. Duk da haka, idan ya zauna a teburin shayin Malam Na'Allah da ke jikin shagonsa ya fara bayanin intanet, sai ka rantse da shi aka ja wayarta ta ƙarƙashin teku.

Saura wata guda Babbar Sallah ya saka kwat a cikin zafin nan, ya hau okada ya tafi wurin Alhaji Dogara, shugaban 'yan tike masu sayar da dabbobi. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi iyali da kasuwa da gajiya, ya kawo maganarsa.

"Ranka ya daɗe, har yaushe za ku riƙa tsayawa a rana kuna jiran mai saye? Zan gina muku shafi a yanar gizo. Kowane rago da hotonsa da sunan mai shi. Mutum yana kwance a Fatakwal zai zaɓi nasa, na Inugu ma haka. Ku naku lodi a mota kawai."

"To su ragunan a ina za su zauna a cikin yanar?"

"A uwar garke, ranka ya daɗe."

Alhaji Dogara ya gyara zama. Shekara arba'in yana harkar dabbobi, ya san darajar uwar garke.

"Wato ita ma kwamfutar tana da uwar garke?"

"Ita ce na'urar da kowa ke zuwa ya roƙi shafi ta miƙo masa. Tawa kuwa, ko mutanen ƙasar nan gaba ɗaya suka taso mata lokaci guda, ko tari ba za ta yi ba."

Kalmar nan ita ta sayo Alhaji. A ranar ya kira Malam Muhammad Sani, babban mahauci a Obiagu ta Inugu, da Alhaji Hashim mai fataucin raguna a Fatakwal, ya ce kowa ya sa mutanensa su turo hotuna. Aka sa ranar buɗewa, Asabar ta uku.

Uwar garken da ake ta zuzutawa wata tsohuwar kwamfuta ce da Auta ya samo daga wani shagon buga takardu da ya rufe. Manhajar da za ta riƙa miƙa shafin kuwa a wani filashin kwamfuta ya tsince ta, wanda wani ya manta a shagonsa shekara tara da suka wuce.

Matarsa Kamila ce ta fara ganin abin, ranar da ta biyo ta Hedbirij ta kawo masa abincin rana. Ita haifaffiyar Obiagu ce, ta yi shekara huɗu tana karatun kwamfuta a Inugu, yanzu kuma daga gidansu na Fegge take kula da shafukan wasu kamfanoni. Auta yana kiran aikin nata danne-danne. Ta ajiye kula, ta leƙa allon, ta daɗe tana kallo.

"Baban Yasmin, wannan manhajar ai ta girmi Yasmin."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Masu ita da kansu sun sanar tana da ramuka, sun fitar da gyara tun tuni, kuma kyauta. Ba sai an sace maka komai ba. Mutum ɗaya zai iya cika mata hannu ta kasa amsa wa kowa."

"Wa zai iya?"

Ta nuna waje. "Bencin Malam Na'Allah mutum nawa yake ɗauka?"

"Takwas," in ji Na'Allah daga waje, don kunnensa kullum a shagon yake. "Tara idan babu Injiniya."

"To a ce mutum takwas su zauna, kowa ya ce a ba ni sha, ya yi shiru. Bai ƙarasa ba, bai tashi ba. Malam yana tsaye da buta yana jira. Mai son shayin gaske ya zo, babu wurin zama, ya juya. Haka ake kwantar da irin wannan. Bari in sabunta maka ita, rabin awa ne."

"Hajiya, ai kullum abin da mijinki yake yi mini ke nan," in ji Na'Allah.

Auta ya sha toka. "Maman Yasmin, ke a takarda kika karanta. Ni da hannu na sani. Miyar me kika yi?"

Ta ɗauki jakarta ta ce ya buɗe kular ya gani da hannu.

Kwana biyu da fara gwaji, Malam Muhammad Sani ya ga hoto ba zai nuna kyan ragonsa ba. Ya sa aka ɗauki bidiyon minti hamsin, ragon yana cin harawa, yana ɗaga kai, yana komawa harawa. Ya turo. Uwar garke ta karɓa, ta karɓa, ta yi wani gurnani, ta sandare. Shafi ya ɗauke a garuruwa uku.

Alhaji Dogara ya turo a tambaya, domin tasa wayar ta kwana biyu a shagon Auta tana jiran gyara.

"A ce wa Alhaji tuƙa take yi," in ji Auta. "Ta ci da yawa. Ya san halin uwar garke."

Alhaji ya ce haka ne, dabba ba a katse mata tuƙa.

Shi kuwa Auta ya taɓa jikin kwamfutar ya ji zafi, ya yanke hukunci zazzaɓi ne. Ya tsallaka wurin Mama Nkechi mai sayar da ƙanƙara da lemo, ya kwaso bulo huɗu ya jera mata kewaye. Kafin la'asar ruwa ya bi ta ƙarƙashin katako ya shiga kwalin burodin Na'Allah. Ranar duk wanda ya sha shayi a Hedbirij da cokali ya ci burodinsa.

"Injiniya, intanet ɗin taka ta yi fitsari a kayana," in ji Na'Allah.

"Sanyaya na'ura ake yi. Manyan kamfanoni duk haka suke."

"Su ma maƙwabtansu masu shayi ne?"

Da ya koma gida Kamila ta ce masa ya sa iyaka ga girman abin da za a turo, shi ke nan. Ya ce shi ba ya takura wa jama'a. Da safe ya lallaɓa ya goge bidiyon, ya kira Malam Muhammad Sani ya ce ragon nan kyansa ya yi yawa, a ɓoye shi saboda baki. Malam ya yi ta godiya.

Ba a yi kwana uku ba wata ta ɓullo. Alhaji Hashim daga Fatakwal ya shiga wurin nema ya rubuta baƙin rago mai ƙaho. Shafi ya mutu. Auta ya kashe ya kunna. Hashim ya sake rubutawa, ya sake mutuwa. Sau tara suna wannan, ɗaya yana kashewa daga Fatakwal, ɗaya yana tayarwa a Anacha, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Sai da Kamila ta ji labari ta ce ɗaya daga cikin ramukan ke nan: tsohuwar manhajar ba ta san haruffa masu ƙugiya ba, tana cin karo da su take shaƙewa.

"Ai dama na gano," in ji Auta.

Maimakon gyara, ya ɗauki waya ya yi wa 'yan tike saƙon murya. Ya ce saboda tsaro, daga yau an hana rubuta harafi mai ƙugiya a shafi. Wanda ke son ƙa ya rubuta ka, mai son ɗa ya rubuta da.

Alhaji Hashim mutum ne mai bin doka. Ya rubuta yana son bakin rago guda biyu, a aiko a gani. Wani mahauci a Anacha ya ga saƙon, ya yi mamaki, amma ya ce mutanen Fatakwal da cin abin mamaki. Washegari direban mota ya miƙa wa Alhaji Hashim 'yar kula da ƙanƙara. Ya buɗe ya ga leɓɓa da haƙora suna yi masa murmushi.

Wayar da ya yi wa Auta ana jin ta har teburin shayi. Da aka gama Na'Allah ya leƙo.

"Injiniya, ina da tambaya. Tunda an hana ƙugiya, idan ka yi ƙarya yanzu, karya ka yi?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya. Auta ya ce jahilci ba ya magani, ya ja labule.

A bayan labulen ne wani abu ya fi damunsa. Ya sa wa shafin ma'aunin da ke nuna yawan masu ziyara, ga shi mako biyu ya nuna arba'in da uku, kuma ya san arba'in ɗin shi ne. Da wane ido zai nuna wa manyan baƙi arba'in da uku? Sai dabara ta faɗo masa. Wayoyin mutane da aka kawo gyara, wanda ya gyaru ya daina bayarwa. Kowa ya zo sai ya ce kayan gyara ba su iso daga Legas ba, ko ya girgiza kai ya ce injin ya tafi amma zai gwada. Kafin ranar buɗewa ya tara talatin da shida. Ya samo wata 'yar manhaja mai buɗe shafi ta sake buɗewa ba hutawa, ya zuba wa kowace, ya sa kowace ta riƙa buɗe ashirin a lokaci guda. Safiyar Asabar ya jera su a kan katako, kowace da cajarta, ya kunna su, ya ja labule. Ma'auni ya fara gudu kamar mitar gidan mai.

Ƙarfe goma rumfa ta cika a ƙofar shago. An aro babbar talabijin an jona ta da uwar garke. Alhaji Dogara yana tsakiya, Malam Muhammad Sani ya taso tun asuba daga Inugu, Alhaji Hashim ya zo daga Fatakwal har yanzu fuskarsa ba ta gama sakewa ba. Ya gaya wa Alhaji Dogara cewa akwai wani manajan kamfani da ke jira a waya, raguna talatin zai zaɓa wa ma'aikatansa idan shafin ya yi. Kamila tana can gefe wurin mata. Mama Nkechi ta rufe firjinta ta zo kallo.

Auta ya karɓi lasifika. Ya yi minti ashirin yana bayanin yadda aka taɓa nemansa aiki a ƙetare ya ƙi saboda kishin Hedbirij. Sannan ya nuna talabijin.

"Ku dubi lambar nan. Dubu goma sha ɗaya. Ga ta, sha ɗaya da ɗari biyu. Duniya ce take kallon ragunanku."

Aka yi tafi. Tafin ya hau masa kai. Ragon layyarsa yana ɗaure a bayan shago, wani fari mai wuya kamar turmi. Ya sa aka jawo shi aka ɗaure a jikin ƙarfen rumfa.

"Jama'a ku shaida. Duk wanda ya kwantar da uwar garken nan yau, ko daga ina yake, wannan ragon nasa ne."

"Mun shaida," in ji Na'Allah, da sauri har ya ba mutane dariya.

Aka ce shugaba ya fara buɗe shafi da hannunsa don albarka. Alhaji Dogara ya ce tasa wayar tana asibitin Injiniya, ya karɓi ta Hashim. Ya yi bisimilla ya danna. Wani ɗan zobe ya fito a allon yana juyawa.

"Me yake yi?"

"Sallama yake, ranka ya daɗe. Yana jira a amsa."

Zobe ya ci gaba da juyawa. Alhaji ya amsa sallamar da kansa, a hankali, ko za a dace. Ba a dace ba. Malam Muhammad Sani ya gwada tasa, zobe. Mutanen rumfa duk suka ciro wayoyinsu, zobe a kowane hannu. A talabijin lambar ta kai dubu goma sha huɗu ta tsaya cak, sannan allon ya yi fari, ya rubuta wani gajeren Turanci.

"Me ta ce?" in ji Alhaji Dogara.

"Ta ce... an gode da ziyara."

"Ta ce ba ta iya amsawa," in ji Mama Nkechi da Hausarta ta kasuwa. "Ni ma na iya karatu."

Wayar Hashim ta yi ƙara, manajan ne. Hashim ya karɓe ta ya koma gefe yana ba da haƙuri, yana cewa minti biyar. Zufa ta karyo wa Auta a cikin kwat. Ya ruga ya kashe uwar garke ya kunna. Shafi ya leƙo na daƙiƙa uku, aka ga rabin kan wani rago, ya sake ɗaukewa. Ya sake kashewa ya kunna, wannan karon ƙaho kawai aka gani.

Ya dawo ya ɗauki lasifika, muryarsa ta canza.

"Jama'a, an kawo mana hari. Masu kutse ne daga ƙetare, can ƙasashen ƙanƙara. Sun ga mun taso, hassada ta kama su. Irin wannan harin sai mutum dubu sun haɗu."

"Su zo su ɗauki ragonsu mana," in ji Na'Allah.

"Kai ma ban yarda da kai ba. Tururin butarka yana taɓa sabis."

Alhaji Dogara bai yi dariya ba. Ya dubi Hashim da ke ta rantsuwa a waya, ya dubi baƙin da ya tara daga garuruwa biyu. Sannan ya juya wajen mata.

"An ce mini matarka ta karanci abin nan. 'Yata, zo ki duba mana."

"Ranka ya daɗe, ita danne-danne..."

"To ta danna."

Kamila ta zo ta durƙusa ta gaishe da manya, ta zauna gaban kwamfutar. Ta ce duk wanda ya ƙwanƙwasa wa uwar garke ƙofa, tana rubuta inda ya fito. Ta buɗe rubutun, layuka suna zubowa kamar ruwan sama a kwano. Ta karanta, ta ɗago ta dubi mijinta. Auta ya kashe mata ido, ya sake kashewa, har ya zama kamar wani abu ya faɗa masa.

"Daga wace ƙasa ne?" in ji Alhaji.

"Baba, na'ura talatin da shida ne. Kowace ta kama wuri ashirin ta ƙi saki, shi ya sa babu wanda ya samu shiga."

"Na ce daga wace ƙasa?"

"Daga bayan labule."

Auta ya yi tsalle ya tare ƙofar ɗakin bincike, ya ce akwai sinadarai masu haɗari. A daidai lokacin Hashim, wanda ya rikice, ya so ya sake kiran manajan ya danna lambar Alhaji Dogara. Daga bayan labule wata waya ta ɗauki kiɗan kalangu, wanda duk tike an san na wayar shugaba ne.

"Wannan ba wayata ba ce da ka ce injinta ya tafi?"

"Wataƙila ta farfaɗo ne, ranka ya daɗe. Yana faruwa."

Na'Allah ya zagaya ta ƙarƙashin hannunsa ya yaye labulen. Ga su nan sahu uku a kan katako, fuskokinsu a kunne, kowace tana ta faman buɗe shafi. Rumfa ta watse zuwa cikin shago. Kowa yana ganin tasa.

"Na my phone be dis," in ji Mama Nkechi, Hausa ta gudu. "You talk say e don die."

"Ga tawa nan," in ji Na'Allah. "Mako biyu ina aron ta mai goro."

"Gwaji nake yi musu," in ji Auta. "Ba na ba da waya sai na tabbatar tana ɗaukar wahala."

Babu wanda ya kula shi. Kamila ta ce kowa ya kashe tasa. Ana kashewa shafi ya dawo, ragon farko ya fito da kansa da ƙafafunsa. Ta nemi a ba ta rabin awa. Ta sauko da sabuwar manhaja, ta sa iyaka ga girman hoto, ta sa duk wanda ya kama wuri ya yi shiru a sallame shi. Sannan ta ce Alhaji Hashim ya rubuta abin da yake so, da ƙugiyarsa. Ya rubuta yana karanta addu'a. Raguna bakwai suka fito, baƙaƙe wuluk. Ya kira manajan, mutumin ya riga ya sayi goma a wani wuri, amma ya zaɓi ashirin. Alhaji Dogara ya ce daga yau shafin yana hannun Kamila, wanda ya ga Injiniya kusa da uwar garke ya yi kururuwa.

Aka koma rumfa, ragon yana nan yana cin igiyarsa. Auta ya gyara kwat ya matso.

"Ranka ya daɗe, a duba maganar da adalci. Na ce duk wanda ya kwantar da ita. To ni na kwantar. Ka ga ke nan babu wanda ya iya sai ni. Ragon ya koma gida."

Alhaji Dogara ya shafa gemu. "Da hannunka ka kwantar da ita?"

"Da ilimina."

"'Yata, me ya kwantar da ita?"

"Wayoyin ne, Baba."

"To masu wayoyi ne da rago. Zai zauna a wurina, ranar Sallah a yanka a kasa talatin da shida. Malam Sani, zai kasu?"

Malam Muhammad Sani ya taɓa gadon bayan ragon ya ce zai kasu har da romo. Mama Nkechi ta ce ita cinya take so. Aka kwance igiya. Auta ya bi ragon da kallo, sai idonsa ya faɗa kan katako, saura waya ɗaya babu wanda ya ɗauka. Ya ɗaga ta sama.

"Alhamdu lillahi. Wannan ta gidana ce. Ina da kaso ɗaya."

Kamila ta miƙa hannu ta karɓa, ta juya bayanta, ta ga 'yar alamar da ta liƙa.

"Tawa ce, Baban Yasmin. Wadda ka ce ta sha ruwa ba ta gyaruwa, ka ce ka jefar."

Ranar Sallah kason Kamila ya iso Fegge a leda, ta soya shi da yaji da albasa. Auta ya ci tsoka biyu daga ragon da ya yi wata huɗu yana ba dusa, kuma ta biyun sai da ya ce don Allah.